Ƙafafun Atampoka

Atampoka ta baro garin Bolga, can arewa, tun tana budurwa, ta yi dako a kasuwar Makola ta Akra har gashin tsakiyar kanta ya zube, sannan ta koma sayar da koko. Ba ta da komai a Akra sai ɗakin haya ɗaya a bayan gidan Anti Dede, da wani hali da ya ƙi barinta: ba ta iya ganin 'yar garinsu tana rarraba ido a tasha ta wuce. Haka ta tsinto ni, haka ta tsinto sauran.

Mu shida ne a ɗakin, amma biyu aka faɗa wa mai gidan. Masu aikin gidan burodi su yi barci da rana, mu 'yan kasuwa mu karɓe su da dare, tabarma ba ta hucewa.

Da korona ta zo aka rufe gari, sai ga mu gaba ɗaya, ƙafar wannan a haƙarƙarin waccan. Atampoka ta kafa doka: ba dariya, ba tari, zuwa banɗaki ɗaya bayan ɗaya da mayafi iri ɗaya, don kada a gane yawanmu. Mun bi doka tsaf. Abin da muka manta, 'yar Bolga ba ta shiga ɗaki da takalmi.

Da safe sai ga Anti Dede a ƙofa, tana juya tarin silifas ɗinmu da sandarta.

"Atampoka, ƙafa nawa gare ki?"

"Anti, ai kin san ni da son gayu."

"Gayun ne ya sa wani ya fi wani girma? Ku fito."

Muka fito sumui-sumui. Hanyar arewa a rufe take, in ta kore mu sai bakin kwata.

"Ku tattara," in ji ta.

Atampoka ta gyara ɗaurin zane. "To, Anti. Amma an hana 'ya'yanki zuwa, kina cikin ɗakuna uku ke kaɗai kamar aljana. In muka tafi, wa zai riƙa buga miki ƙofa da safe ya ji ko kina numfashi?"

Anti Dede ta wanke ta tas da zagi, ta shige ciki. Mun fara ɗaure kaya sai makulli ya faɗo tsakar gida, na ɗakin ɗanta da ke Jamus. Sai muka jiyo muryarta daga ciki.

"Masu minshari su koma can. Tun bara nake jin ku, munafukai."

Ranar na miƙe ƙafata har ƙarshe ban taɓa kowa ba. Daɗi ya sa ni kuka, Atampoka tana yi mini dariya.