Jar Akuyar Mas'uda

Duk Wurma an san Mas'uda mai kitso ba ta ƙaunar ganin jar akuya, amma kaɗan ne suka san dalili.

Tana da shekara goma sha uku ta wayi gari ta ga jini. Ba wanda ya taɓa gaya mata komai, sai ta ɗauka ajali ne ya zo. Kwana uku ba ci ba sha, tana bi ɗaki ɗaki neman gafara. Ta ja akuyarta ta kai wa Juwairiyya, ɗiyar kawunta da ta girme ta da shekara uku. Juwairiyya ta saurari bayani tsaf, ta gane komai, ta ce, "Allah ya sa ki cika da imani." Ta ɗaure akuya.

Da gwaggo ta warware mata zancen, Mas'uda ta koma karɓa, aka ce kyauta ba ta komawa.

Shekara ashirin da biyar ke nan. Duk yarinyar da ta zauna kitso, Mas'uda za ta matse kanta tsakanin gwiwoyi, ba hanyar gudu, ta karanta mata abin da jikin mace ke yi, dalla-dalla. Iyaye mata kan turo 'ya'ya kitso bai ko tsufa ba, su yi kamar ba su sani ba. Ana cewa don Allah take yi. Don Allah ne, amma da akuya a ciki.

Ranar wata Laraba sai ga Hafiza, autar Juwairiyya, ta rame, ido ya kumbura, tana janye da jar akuya.

"Inna, ki riƙe ta. Ki yafe mani, ni tawa ta ƙare."

Mas'uda ta dubi akuya. Jinin waccan ce, har farin goshin. Addu'ar cikawa da imani ta zo mata har bakin harshe, ta haɗiye.

"Zauna nan, ja'ira. Mutuwar da uwarki ke yi duk wata, ga ta can tana daka?"

Kafin a gama layi huɗu Hafiza na dariya, ta shanye kwanon fura tas. Ta miƙe za ta kwance igiya.

"A'a, bar ta," in ji Mas'uda. "Taki ce, ba mai taɓa ta. Amma ki ce wa uwarki ta zo da ƙafarta ta karɓa."