Na Kulle Muryar Maama, Makullin Ya Tafi da Laftof

Edita, ina gaishe ka tare da masu karatu. Ni ma'aikacin gwamnati ne a nan Jalingo, mazaunin Sintali. Lokacin da abin nan ya faru ban yi aure ba, kuma kaf danginmu ni ake nema idan waya ta rikice ko kwamfuta ta ƙi tashi. Ban karanci kwamfuta a makaranta ba, taɓe-taɓe ne kawai da rashin tsoron danna abin da ban sani ba. Amma tunda a gida injiniya ake ce mini, ni ma sai na yarda injiniyan ne. Ba zan kama sunan kowa ba a labarin nan, ko da yake suna ne ma tushensa.

Muna da kaka, mahaifiyar babanmu, wadda muke kira Maama, tana zaune a gidan gado a unguwar Sarkin Dawaki. Bafulatana ce ta ainihi, Hausarta ma sai a hankali, namiji ta ce "ita", mace ta ce "shi", mu yi ta dariya tana kai mana duka da mafici. Wata rana tana ba da labarin yadda suka baro ruga suka shigo gari, sai tunani ya faɗo mini: me zai hana in riƙa ɗaukar muryarta? Na sayi ma'ajiyar nan ta tafi-da-gidanka da ake jona wa kwamfuta, wadda muke ce wa estanal, na shiga zuwa wurinta duk ƙarshen mako da wayata. In na ɗauka sai in juye a estanal, in jera kowane labari a foldarsa. Dangi suka ji, kowa ya ɗauki zumuɗi. Estanal ɗin nan ya zama ɗan yawo: yau yana kan laftof ɗina, gobe yana Abbare wurin Adda, wato yayata, jibi yana hannun Hamma, babban ɗan baffanmu, yana kunna wa 'ya'yansa a kwamfutarsa. A gidan suna ma nuna ni ake yi, ni kuwa kaina sai ƙara girma yake.

Babanmu ya rasu tun muna ƙanana, kuma shi ne ɗan farin Maama. Duk wanda ya san kunyar Fulani ya san abin da wannan ke nufi. Tunda muka taso ba mu taɓa jin sunansa a bakinta ba, ko hirarsa ba ta yi. In ta kama dole sai ta ce "wancan", ta kawar da kai. To wata Asabar da hantsi, gidan ba kowa, tana tsince wake a faifai, sai kawai ta kama zancensa ba tare da na tambaya ba. Ta faɗi yadda ya yi ƙiwuya yana jariri, da yadda take ɓuya bayan bukka ta goya shi don kada surukai su ga tana nuna masa so. Sannan ta rera waƙar da take rarrashinsa da ita da Fulatanci, kuma a tsakiyar waƙar ta kira sunansa ɓaro-ɓaro. Na rasa inda zan sa kaina don daɗi, ga hawaye, ga dariya. Da ta gama sai ta dubi wayar, ta ce, "Wannan kai da Addanka kawai. Kar baffanninka ta ji, kar ka sa a wasap." Na rantse mata da Allah.

A ranar na kira Adda ina haki kamar wanda ya yi tsere. Ta ce in turo mata yanzu-yanzu, na ce ina, ai na yi rantsuwa ba zai bi ta waya ba. Na juye shi a estanal, na goge na wayar don kada tsautsayi ya sa ya fita, sannan na zauna yin aikin da nake ganin ya fi kowane burgewa. A kwamfuta akwai wurin da mutum ke tsara izini a kan folda, ya ce wane zai iya buɗewa, wane zai iya gogewa, wane ko leƙe ba zai yi ba. Na shiga na cire kowa da kowa, na bar sunana kaɗai. Na aika wa Adda estanal ɗin ina murmushi. Ba a jima ba ta kira, ta ce sauran labaran duk suna buɗewa amma wannan foldar ta ce ba ta da izini. Maimakon in ji kunya, sai na tuntsire da dariya na ce ai shaidar aikina ya yi kyau ke nan, ta kwantar da hankalinta, zan zo da laftof ɗina mu saurara tare. Ta ce to injiniya, tana jira.

Kafin in je, estanal ya biya ta hannun Hamma. Na shiga gidansa da yamma na tarar da shi gaban kwamfutarsa, foldar a buɗe, hannunsa a kan linzamin kwamfutar zai danna. Na yi wuf na zare wayar estanal ɗin, har ya tambaye ni ko lafiya. Ashe da foldar ta ce ba shi da izini, ta kuma ba shi zaɓin ya ci gaba, shi kuwa ya danna, ta buɗe masa salin alin. A nan na gane izinin da na tsara ba ya bin estanal ko'ina da ƙarfinsa. Duk wanda yake shi ne mai iko a kan tasa kwamfutar, zai iya ture shi ya shige. Adda ta kasa ne kawai don kwamfutar ofis take amfani da ita, ba ita ce mai iko a kanta ba.

Da mai hankali ne ni, a ranar zan cire fayil ɗin daga abin da ke yawo hannu-hannu, in ajiye shi daban, in kuma nufi Abbare. Amma ni abin ya zame mini gasa. Na yi ta tone-tone har na gano wani ɗan akwati da ake dannawa ya rikita fayil gaba ɗaya, ta yadda babu kwamfutar da za ta iya karanta shi sai wadda ta kulle shi. Na danna, ɗan hoton kwaɗo ya fito a jikin fayil ɗin, na daka tsalle ni kaɗai a ɗaki. Wani saƙo ya leƙo a ƙasan allo yana cewa in ajiye kwafin makullin a wani wuri. Na kore shi kamar ƙuda, na ce sai anjima. Na koma gidan Hamma takanas na ce ya gwada. Ya danna nan ya danna can, ta ƙi. Na dawo gida ina tafiya ɗai-ɗai. Zuwa Abbare kuwa, yau aiki, gobe ruwan sama, jibi ɗaurin aure, kullum ina ce wa Adda ai abu yana nan a killace, ba inda za shi.

Sai wata safiya laftof ya ƙi tashi. Na kai wa mai gyara a kasuwa, ya ce sai an yi masa fomatin, wato a wanke shi tas a zuba sabo. Na ce ya wanke, ai duk abin da na damu da shi yana estanal. Da bakina na faɗa, har da ɗaga kafaɗa. Na karɓo shi yana gudu kamar sabo, murna ta sa na wuce Abbare kai tsaye. Adda ta kora yara waje, ta rufe ƙofa, ta gyara zama tana share ido tun ba a fara ba. Na jona estanal, na danna. Kwamfutata, da sunana a jiki, ta ce ba ni da izini. Na sake, na sake, ta ƙi. Makullin yana cikin abin da aka wanke. Na zaga duk wanda aka ce ya san kwamfuta a garin nan, amsarsu ɗaya ce, in babu kwafin makulli sai haƙuri. Adda ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ita ce ta ce mu je mu gaya wa Maama. Muka same ta a ɗaki, na yi bayani ina kame-kame, na roƙe ta ta maimaita. Ta ce ita ba ta san zancen da nake yi ba, ta juya mana baya. Muka fito tsakar gida muka zauna. Can Adda ta ce tunda ni kaɗai na ji, in rera mata yadda na tuna. Na fara da muryata mai kama da ta agwagwa, ina karya Fulatancin son raina. Ban kai rabi ba sai muka ji daga cikin ɗaki an ce, "Kai, ba haka ba ne. Kin ɓata shi." Sai ta ɗauka daga farko, a hankali, labule a sake tsakaninmu. Farin ciki ya kama ni, na kai hannu aljihu zan zaro waya, Adda ta damƙe hannuna ta girgiza kai. Maama ta rera waƙar tsaf, amma da ta iso inda sunan yake, sai ta yi shiru na ɗan numfashi, ta wuce.

Masu karatu, ga abin da na koya da tsada. Izinin folda a estanal ba ya tsare sirri a kwamfutar wani, don haka abin da ba ku so a gani kada ku bar shi a ma'ajiyar da ke yawo. In kun yi kulle mai ƙarfi, ku ajiye kwafin makullin a ranar, kuma kada abu mai daraja ya zauna a wuri guda tak. Wanda yake da haƙƙi a kan abu kuwa, ku kai masa tun yana buɗuwa. Mutum biyu Maama ta ba amanar nan, ni kuma garin tsare ta na hana ɗayan. Fayil ɗin yana nan har yau da ɗan kwaɗonsa, na kasa goge shi. Wani lokaci Adda takan tambaye ni yadda sunan ya fito a bakin Maama, ko ta ja shi ne ko ta faɗe shi da sauri, ni kuma in yi ta ƙoƙarin kwatantawa, ba ya fita daidai.