Awar Alhamis ta Kawu Salifu

Ku da kuka san Kawu Salifu kun san ba a tafiya da shi a isa da wuri. Taku goma sai ya duƙa. Gwangwanin tumatir, marfin kwalba, takardar buhun siminti, duk sai ya kakkaɓe ya jefa a jaka. Malamin makaranta ne, shi ya sa ake ce masa Metir. In ka ce, "Haba Metir, shara ce fa," sai ya dube ka da tausayi ya ce, "Ba shara ba ce, aiki ne ba ta samu ba." Ranar aurena a Komah ana ta raba lemo, shi kuwa yana bin ƙarƙashin kujeru da babbar riga yana tsintar marafa. Inna, yayarsa da ta haife ni, kamar ta nutse don kunya.

Duk wannan tarkace na awa ɗaya ne tak, awar ƙarshe ta ranar Alhamis, wadda yake haɗa 'yan aji biyar da na shida ya koya musu zane, waƙa, wasan kwaikwayo da rawa. Gwangwani ya zama ganga, marafa su zama akayau na ɗaurawa a ƙafa, fenti kuwa zoɓo ne da gawayi da jar ƙasa. Ka taɓa masa komai ya yafe, amma ban da wannan awar.

Ni ma na bi ta hannunsa a lakwal, wato makarantar firamarenmu ta Sokodé. Shi ba ya ba zane maki da kansa. Wai, "Ni na san abin da kuka yi niyya, ba zan yi adalci ba." Sai ya jera mu har kasuwa. Wanda ya zana keke a kai wa mai gyaran keke, ni da na zana rago aka kai ni gaban Alhaji Mumuni mahauci. Alhaji ya juya takardar sama, ya juya ƙasa.

"Metir, wannan karen na wane ne?"

"Rago ne, Alaji."

"Rago? To wallahi ko kyauta ba na yanka shi."

Na fashe da kuka. Kawu ko a jikinsa. Ya ce, "Ke Ladi, kuka ba ya fito da ƙaho. Ga rago can a ɗaure, je ki dube shi." Na tsuguna gaban ragon nan ina shessheƙa, yana tuƙa yana kallona. 'Yar gidan mahauta ce ni, amma sai ranar na lura ƙwayar idon rago a kwance take. Mako na gaba Alhaji ya ba ni shida cikin goma, ya ce ragon ya rame amma dai rago ne.

Shekaru suka tafi, aka mai da shi Dapaong. Can ma bai canza ba, sai dai ya ƙara da rawar ƙabilar Moba, wadda yaran ne suka koya masa. Tsoho da furfura, ya naɗe wando yana girgiza kafaɗa! Liman ya yi masa magana, ya ce, "Malam, ba rawa nake ba, aikin yara nake dubawa."

Wasu cikinku suna wurin ranar wasan ƙarshen shekara, da yara suka yi wasan kamiyon, babbar motar kaya, da ta lalace a hanyar Cinkassé. Benci biyu ne kamiyon. Yaron da ya fito a direba ya shiga ƙarƙashi zai sa jak, sai ubansa, direban gaske, ya zabura daga cikin 'yan kallo yana ihu: "Kai! Ba nan ake sa shi ba, za ta danne ka!" Ya haye dandamali ya janye ɗansa daga ƙarƙashin benci. Mutane har da riƙe ciki. Kawu ya zaro biro ya ce, "Goma cikin goma. Mai sana'a ya yarda."

To, sai Allah ya yi aka turo ni lakwal ɗin nan a matsayin direktiris, shugabar makaranta. Lokacin ya riga ya yi ritaya, amma duk Alhamis yana nan, ba wanda ya iya ce masa ya daina. Ni kuwa na zo da zafina. Jarrabawar satifika ta matso, yara ba su iya dikte ba, wato shifta, na ce awar Alhamis ta koma ta dikte da lissafi.

Ya ce, "To, Madam." A lakwal Madam nake, a bakin ƙofa in koma ke Ladi.

Na ɗauka na ci nasara. Ashe! Alhamis ta zo, sai ga shi a ofishina. Ya ja kujera ya zauna, ya shimfiɗa takardar siminti a cinya, ya zaro gawayi.

"Kawu, me kake yi?"

"Awata ce. An hana ni yara, ba a hana ni zane ba. Kada ki motsa."

Alhamis uku yana zana ni. A ta ukun ya fita da takardar wurin Maman Yendu mai sayar da koko a bakin lakwal, malamaina duka suna tsaye. Ta duba sau ɗaya ta tafa hannu. "Ai Madam ne wannan! Ga bakinshi nan, kamar ya sha kokon jiya!"

Na mayar masa da awarsa a ranar. Diktena na kai shi safiyar Laraba, inda ya kamata in kai shi tun farko.

Bara ciwo ya kwantar da shi, muka mai da shi gida Sokodé. Da na je duba shi ya rame ƙwarai, muryar ma sai ka sunkuya. Bai tambaye ni miji ba, bai tambaye ni 'ya'ya ba.

"Wa ke riƙe da awar?"

Ba kowa. Wata biyu ke nan yara na zaune suna kwafe darasi. Na dubi fuskarsa, na kasa faɗa. Na ce, "Ni ce, Kawu."

Ya yi dariya har da tari. "Ke? Da wannan muryar? Allah ya ba yaran haƙuri." Ya kama hannuna ya matse. "To, kada ki sake ta."

Ya san ƙarya nake, na kuma san ya sani. Kwana tara bayan haka ya rasu.

Shi ya sa in kun bi ta lakwal ɗinmu ranar Alhamis da yamma kuka ji wata murya tana ɓata wa yara waƙa, kada ku tambaya, ni ce. Ba na so in tashi gaban Allah da ƙaryar da na yi wa mai jinya. Kuma wallahi ina kewarsa.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya saka maka da Aljanna gwargwadon farin cikin da ka sa a zukatan 'ya'yan mutane. Amin.