Muryar da ke cikin ampilin wana

Ampilin ba nawa ba ne, na wana ne. Shi ya ɗauko shi tun daga Abijan shekarar da ya dawo ci-rani, naɗe cikin bargo, alhali sauran samarin ƙauyenmu rediyo da atamfa suke kawowa. Baƙin akwati ne na ƙara sautin gita, mai nauyin tsiya, kusurwoyinsa duk sun ƙoƙe. In ka leƙa ta baya za ka ga waɗansu kwalabe na gilashi a tsaye, ƙanana a gefe, manya biyu a tsakiya, waɗanda masu gyara ke kira lamp. Idan an kunna sai su yi ja a hankali, kuma sai sun ɗauki zafi sannan ampilin yake buɗe baki. Wana yakan ce wanda bai iya jiran shayi ba, ba zai iya jiran lamp ba. Ni kuwa ban taɓa iya jiran ko ɗaya ba.

Muryar ampilin nan ba mai tsabta ba ce. In wana ya taɓa tsirkiyar gita a hankali, sai ta fito da taushi da ɗumi. In ya danna da ƙarfi sai ta dushe, ta ɗan tsage, kamar muryar mutumin da ya wuni yana waƙa a gona. Da ita aka san shi a bukukuwan Karofane har zuwa Buza. Tun kafin mutane su hango rumfar biki suke sanin wanda ke kiɗa.

Sanƙarau ya ɗauke wana a wata bazara. Ya bar mini gita da ampili da ɗan gurup, injin da ke ba mu kuran, wato wutar lantarki, ya kuma bar mini Inna, mahaifiyarmu. Lokacin da yake da rai, Inna ba ta da sunan da take kiran kayan nan sai "abin surutu". Bayan rasuwarsa kuwa, duk la'asar da na tayar da gurup na zauna ƙarƙashin rumfa ina gwaji, sai in ga ta jawo tabarma da faifan yakuwa ta zauna nesa kaɗan, wai inuwa take bi. Ba ta kallona. Wata rana dai ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, "In na rufe ido, shina nan." Ba hannuna take nufi ba, na sani, don hannuna bai kai nasa ba. Muryar akwatin take nufi.

Abin ya faru a bazarar da ta biyo baya, ranar da ko kaji sun buɗe baki don zafi. Na yi gwaji mai tsawo, sai wani ya yi sallama a ƙofar gida kan maganar biki, na fita na bar ampili a kunne. Inna ta zo wucewa, ta dafa akwatin, ta ji ya ƙone mata hannu. A wurinmu, abin da ya yi zafi an san maganinsa. Bidon ruwa ma, wato jarka, buhun algarara ake jiƙawa a naɗe shi, iska ta buga, ruwa ya yi sanyi. Ta ɗauko buhun, ta tsoma cikin ruwa, ta shimfiɗa a kan ampili, gefensa na ɗiga ta baya. Ina tsaye a ƙofa na ji wani ɗan ƙas, sannan ƙauri.

Ɗaya daga cikin manyan lamp ɗin ta tsage. Kanta da ke sheƙi kamar azurfa ya koma fari fat. Inna tana tsaye, hannunta jiƙe.

"Na iske shi da zahi awa mai masassara," in ji ta. "Nac ce in sanyaya mai."

Na ce ba komai, abin gyara ne. Ta dube ni, ta dubi akwatin, ta ce, "Ni na kashe ta." Ta shiga ɗaki. Tun daga ranar ta bar fitowa da tabarma, abincinta ma ya ragu, kuma ni zama ya gagare ni. Na ɗaura wa raina cewa sai na maido mata da muryar nan, ko da ƙarshen duniya ake sayar da ita.

Na ɗaure ampili a bayan moto na nufi Madawa. Akwai wani mai gyaran rediyo kusa da tasha, dattijo mai yawan ba'a, shagonsa kullum ƙamshin dalma. Ya zare kwalbar ya ɗaga ta sama, ya tambaye ni ko wanka na yi mata. Ban yi dariya ba. Ya ce irin wannan sai Yamai, kuma biyu ake saye, don manyan lamp tare suke aiki, ɗaya ta tura ɗaya ta ja.

"Ɗaya ta mutu, ɗaya nika so," na ce. Tsoro nake ji kada a cire tsohuwar da ta rage, sauran muryar ta tafi da ita.

"To ka haɗa tsohon sa da ɗan maraƙi ga galma guda, ka gani in huɗa ta miƙe," in ji shi.

Ban ji ba. Da lamp biyun suka iso daga Yamai a hannun wani direba, na sa dattijon ya haɗa sabuwa ɗaya da tsohuwa. Ampili ya yi ta gurnani tun ba a taɓa gita ba, sabuwar kuma ta yi jawur har ƙarfen cikinta, dattijon ya yi wuf ya kashe kuran yana salati. Dole na yarda aka sa sababbi biyu, ya daidaita su da ɗan na'urarsa. Murya ta fito tas, mai ƙarfi, kowace tsirkiya daban. Ya ce ban taɓa jin ampilin nan da lafiya ba sai yau, wai tsofaffin lamp ɗin sun gaji ne tuntuni, gajiyarsu ce nake kira daɗi. Na ce na ji, ni gajiyar nake nema.

A gida na tayar da gurup da la'asar, na buga waƙar da wana ya fi so. Inna ba ta fito ba. Daga cikin ɗaki ta ce, "Wagga ba muryatai ba ta." Gaskiya ta faɗa. Muryar mai karanta labarai a rediyo ce, ba ta san gona ba.

Daga nan ƙafata ta ƙi zama. Na zama kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Aka ce mini akwai wani Buzu mai gita a Keita da ke da fedal, ƙananan akwatunan ƙarfe da ake sawa tsakanin gita da ampili, a taka da ƙafa, su sa murya ta dushe ko da lamp ɗin sababbi ne. Na bi hanyar duwatsun nan na same shi. Ya shimfiɗa su a kan tabarma, ya dafa shayi, muka yi ta gwadawa. Akwai mai zafin rai, wadda in ka taka sai ka ce zuma aka rufe cikin gwangwani. Wannan ta samari ce masu son a ji su daga wani gari. Akwai kuma mai sauƙin kai, wadda ba ta canza murya, sai dai ta tura lamp ɗin su yi aiki fiye da ƙarfinsu har su fara tsagewa da kansu. Ita na ɗauka aro. Ya koya mini in rage maɓallin dushewa, in ƙara na ƙarfi, in bar sauran aikin ga hannu. Ya ce in pil ɗinta, wato batir, ta kusa ƙarewa ma ta fi taushi, don haka na riƙa bin gidajen maƙwabta ina roƙon tsofaffin pil, har ana tambaya ko lafiya.

Ta yi kusa. Wallahi akwai la'asar da na taka fedal ɗin, na danna tsirkiya, tsigar jikina ta tashi. Na tsaya ina sauraren ɗakin Inna. Har na fara murna. Sai ta ce, "Ta ɗauko, amma ba ta kai ba." Kunnen tsohuwar nan ya fi na'urar dattijon Madawa, kuma a ranar na ji haushinta ƙwarai, na kuma ji tausayinta fiye da haushin.

Na koma kan ƙananan lamp. An ce da tsohuwar zuma ake magani, sai na shiga farautar tsofaffin rediyo. Na ci kasuwar Bangi, na ci ta Madawa, na shiga ɗakin wani malamin lakwal, makarantar boko, mai ritaya na fito da ƙura har gira. In na sa wannan, murya ta yi duhu. In na sa waccan, ta yi ƙara kamar kwano. In haɗa da fedal, in cire fedal, in juya maɓalli ɗan kaɗan, in mayar. Har na kai ga ban san me nake ji ba. Ina cin tuwo ina jin muryar a kunnena, ina sallah tana biyo ni. Ruwa ya sauka, mutane suka yi shuka, gonarmu na kallon sama. Kawuna ya tare ni a hanya ya ce garin neman gira zan rasa ido. Na ce to, na tada moto.

Keita na sake nufa, don Buzun ya aiko cewa wani ya zo da wata fedal daga Agadas. Na karɓo ta. A hanyar dawowa hadari ya riga ni, koramar da na ƙetare a bushe da hantsi na tarar tana gudu. Masu hankali suna zaune bakin gaɓa suna jira ruwa ya janye. Ni na ce ai bai kai gwiwa ba. Ban san yadda aka yi ba, sai na ji ni a ƙasa, moto a kaina, ruwa na shiga hancina. Waɗansu masu jakuna suka jawo ni. Hannuna na hagu ya kumbura, goshina ya fashe, fedal ɗin da ke cikin jaka ta sha ruwa ta lotse.

Aka kawo ni gida a amalanke. Inna ta wanke mini goshi. Kwana kaɗan, tun kumburin bai saɓe ba, na shanya fedal a rana, na ja jiki zuwa rumfa, na tayar da gurup. Abin da ya fito daga ampilin nan ban taɓa jin mummuna irinsa ba. Fedal ɗin tana shaƙewa, tana tari, ga wani zuu da ba ya tsayawa, yatsuna kuma ba su iya danna tsirkiya sosai. Ko akuya ta bar wurin.

Sai ga Inna ta fito da tabarmarta. Ta shimfiɗa inda ta saba, ta zauna, ta rufe ido.

"Yawwa," in ji ta. "Muryatai ta. Ka same ta."

Na dube ta. Matar da ta gane bambancin da ni kaina da ƙyar nake ji, ba za ta kasa jin wannan ba. Ta buɗe ido ta dubi goshina, ba ta dubi ampili ba.

"Kak ka sake taɓa komi," ta ce. "Bar shi hakanan. Ka aje moto."

Na ce, "Ita ta, Inna." Na ci gaba da bugawa har gurup ya shanye mansa, ita kuma tana zaune tana gyaɗa kai.

Mun yi shuka a makare shekarar, mun sami abin da muka samu. Hannu ya warke, amma maɓallan suna nan inda suke. Inna tana da rai, kunnenta garau, kuma duk bikin da na yi a kusa tana jiyo shi daga gida, saboda haka da wannan shaƙaƙƙiyar murya nake kiɗa har yau. Samari suna dariya, suna cewa gitata mura take yi. Waɗansu masu biki sun koma kiran wani.

Bayan girbi dattijon Madawa ya kira ni a waya, cike da murna. Wai an kawo masa wani mataccen ampili irin namu sak, manyan lamp ɗinsa biyu tsofaffi, sun gaji daidai yadda nake so. In zo in ji da kunnena. Ina tsaye a tsakar gida, makullin moto yana aljihuna, har na sa hannu na taɓa shi. Inna tana bakin murhu, ta bar tuƙin tuwo tana kallona.

"Ka ba wani, Baba," na ce. "Mu mun samu tamu."