Hayaƙi a Gidajen da Ba Kowa

Idan ina koyar da tarihin tsoffin dauloli irin su Mali da Borno, ɗalibaina labarin yaƙi kawai suke so. Ni kuwa nakan ce musu daula tana ruɓewa tun maƙiyi bai iso ba, daga ranar da ƙaramin ma'aikaci ya fara tsoron gaya wa na sama da shi gaskiya. Sai su yi ta hamma, ja'irai. Ban taɓa gaya musu inda na koyi wannan ba.

Shekarar babban fari ina 'yar shekara goma sha ɗaya, Baba ne mai unguwa a ƙauyenmu, can wajen Kunci. Gero ya ƙone tun bai fid da kai ba. Mutane suka riƙa ɗaure kaya suna nufar Kano, gida bayan gida. Baba kuwa ya sa a ransa cewa in aka ji jama'arsa sun watse, tuɓe shi za a yi. Ko sallama aka yi sai ya zabura.

Da aka ce wakilin hakimi na tafe, ya kira ni da yayyena mata.

"Ku share ƙofar kowane kango, ku hura wuta a ciki. So nake ya ga hayaƙi."

Na ji tsoron gidajen nan ƙwarai. Ba kaza, ba akuya, sai tabarmar da gara ta cinye. Ina hura kara, gani nake masu gidan suna kallona.

Wakilin ya jingine kekensa a gindin tsamiya, ya sha ruwa, ya dubi hayaƙin.

"Mai unguwa, ashe ku abin da sauƙi."

"Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe."

Haka ya kai wa hakimi, hakimi ya kai gaba.

Bayan sati uku aka fara rabon hatsin agaji. Lokacin nonon Inna ya ƙafe, ƙanena na goye ko kuka ya daina, mu kuma tsoron leƙa fuskarsa muke. Da muka ji ƙugin mota daga hanyar Ɗanbatta, Inna, wadda ba ta saba fita ba, ta fito da ƙwarya, yaron a bayanta. Motar ta rage gudu a mararraba. Baba ya bi ta da gudu, hula a hannu, yana rantsuwa cewa rabin garin kango ne, mutuwa muke yi.

Malamin da ke gidan gaba ya duba takardarsa, ya leƙo.

"Yi haƙuri, Baba. Nan an rubuta lafiya kuke."