Delsie da Rubutun Toka

Bokitin toka na hannuna lokacin da na gani. Na fito ke nan zan ƙetare rafi zuwa gidan su Delsie, sai na hango mijinta Estill a wajen akwatunan zuma, da baƙin ƙyalle a kafaɗa. Autarsu Junie tana gabansa. Ta ƙwanƙwasa akwatin farko, ta sunkuya ta faɗi wata magana, shi kuma ya yagi ƙyallen ya ɗaura. Suka wuce na biyu. A nan duwatsunmu na gabashin Kentucky, in mai zuma ya rasu sai an bi akwati-akwati an gaya wa ƙudan, in ba haka ba su yi fushi su tashi. Ba wanda ya zo ya faɗa mini komai. Na ajiye bokitin a kan gada, na zauna kusa da shi.

Delsie Combs ƙawata ce tun muna 'yan mata, benci ɗaya a coci, kujera ɗaya a motar makaranta. Ba ta gama makarantar ba. Ƙurar kwal ta cinye wa mahaifinta huhu, ita ta zauna jinyarsa, kuma don kada ta riƙa jin yadda numfashinsa ke fita sai ta ɗauki littafi ta yi ta karanta masa da ƙarfi. Tun daga nan ba ta ƙara yarda da karatun zuci ba. Da ta auri Estill, mai aiki a injin yanka katako, ta haifi Wade da Ruthie da Junie, sai ta ce ba za ta haifi 'ya'ya mota ta rene su ba, a tafi da su da duhu a dawo da su da duhu. Teburin kicin ya zama makaranta. Tana kwaɓa gurasar masara Wade na karanta tarihi, tana guga Ruthie na karanta labarin taurari. Junie kuwa a ƙarƙashin teburin ta girma, ita da kare, muryoyi na zubo mata daga sama kamar ruwa daga indararo.

In Disamba ta kama, Delsie takan kwashe littattafai ta ɗora kan kabad. Sai a narka kakin zuma a tsohuwar tukunya, yara su yi layi suna tsoma lagwani suna ɗagawa, kyandirori na yin ƙiba a hankali. A sare bishiyar Kirsimeti a kan dutse a jawo ta gida. A toya kek hawa-hawa da busasshen tuffa da maɗin takanda, mai awon gari ya yi lissafinsa na ranar a nan. Tagogi su yi gumi, gidan ya yi ta ƙamshin zuma har cikin barguna. Ranar Kirsimeti da safe kuma, ƙaramin da ya iya karatu shi ke karanta labarin makiyayan da aka yi wa albishir da haihuwar Almasihu.

A wannan shekarar, tun kaka likitocin birni suka gaya wa Delsie ciwon daji ya yi nisa. Ta dawo gida ta ɗaura ɗankwali, ta ce a ɗora tukunyar kaki kamar kullum. Ta san ba za ta ga furen tuffa ba.

Junie, 'yar shekara tara, ita za ta yi karatun bana, don Ruthie ta ce ta gaji da riƙe mata gurbi. Wata rana da hantsi Delsie ta ce ta zo su gwada. Magani ya sa idonta yaji, ta buɗe babban littafin ibada na gidan ba ta duba ba, ta miƙa. Junie ta ɗora yatsa a kan layi ta fara. Makiyaya suka fito, tumaki suka kwanta, haske ya sauko, ko gargada babu. Delsie ta lumshe ido tana jin daɗi. Da ta buɗe ido ta leƙa shafin, ba makiyayi ko ɗaya a ciki. Labarin wani sarki ne da yaƙinsa. Yatsar yarinyar na tafiya a kan dawakai da takubba, bakinta na kiwon tumaki.

Delsie ta bari sai da ta kai ƙarshe. Sannan ta nuna wata gajeriyar kalma ta ce, “Wannan fa, auta?”

Junie ta dubi kalmar, ta dubi uwarta, ta dubi kare.

“Mama, ƙarya na yi?”

“Ba ki yi ƙarya ba. Kunnenki ne ya riga idonki tashi daga barci. Yanzu idon za mu tasa.”

Da yamma na shigo da miyar wake, Delsie ta jawo ni bakin murhu.

“Nelda, yarinyar nan ba ta iya karatu ba.”

“Wace yarinya? Junie da ke gyara wa fasto in ya tsallake layi?”

“Da kunne take gyara masa. Duk abin da aka karanta a gidan nan yana cikin kanta. Mun yi ta tafa mata tun tana 'yar shida, ba wanda ya taɓa ba ta shafin da ba ta ji ba.” Ta ja bargo ta rufe gwiwoyinta. “Ba zan tafi in bar ta haka ba. Ina so in gani da idona.”

Estill ya ce, “Tsohuwa, ki huta. Bayan sabuwar shekara in kai ta makarantar gari, akwai masu aikin.”

“Su zaunar da ita da masu majina a hanci? Tsoho, ka ba ni zuwa Tsohuwar Kirsimeti.” Ita ce ta kakanninmu, wadda ke zuwa 'yan kwanaki bayan sabuwar shekara, ranar da tsofaffi ke cewa ƙudan zuma na waƙa a cikin akwati. Estill ya sosa ƙeya ya ce to.

Washegari Delsie ta hana karatu da ƙarfi a gidan. Wade ya ce, “Mama, shi ma karen ya daina haushi?” Ta ce in dai ba daga littafi yake yi ba, ya ci gaba. Gidan da bai taɓa yin shiru ba ya yi tsit, har ana jin kaki na ɗiga.

Takarda tana tsorata Junie yanzu, don haka Delsie ta bar takarda. Dusar ƙanƙara ta rufe gangaren bayan kicin fari fat. Delsie ta huda gindin gwangwanin kofi, ta cika shi da tokar murhu, ta fita ta zana harafi mai tsawon mutum. Ta ce wa Junie ta taka shi da ƙafa, daga kai zuwa gindi, tana fitar da sautinsa. Yarinyar ta yi ta zagaya cikin haruffa da jan kwat ɗinta, kamar mai yawo a lungunan wani gari da ba kowa. Da dare sabuwar ƙanƙara ta shafe, da safe a sake. Wani lokaci barewa ta ratsa ta tsakiyar kalma, wani lokaci jajayen tsuntsaye su sauka su jeru a kan layi. A cikin gida kuma Delsie ta murza kaki mai ɗumi ta lanƙwasa shi haruffa, Junie ta kwana da su a aljihu. Da tokar gidansu ta kasa, ni na riƙa kawo tawa. Da ƙafafun Delsie suka kasa, ni na karɓi gwangwanin, aka matso da gadonta bakin taga.

Haruffa suka zauna, amma sun ƙi haɗuwa. Junie takan faɗe su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta juyo ta zuba wa bakin mutum ido ko zai motsa ta cafke.

Safiyar Kirsimeti aka kunna kyandirori duka. Aka miƙa wa Junie littafin. Ta riƙe shi a ƙirji ba ta buɗe ba, ta ce, “Da ka zan faɗa.” Ta faɗa har ƙarshe. Estill ya tashi ya ce zai duba itacen wuta, alhali ga shi nan tule a gefen murhu.

Ranar Tsohuwar Kirsimeti gari ya waye ba iska, rana ta fito a kan ƙanƙara har tana kashe ido. Delsie ta aiki Junie wajen kaji, don kunnen yarinyar na jin raɗa ta bayan bango. Sannan ta jawo kaina ta gaya mini abin da zan rubuta. Magana ce da ba a taɓa karanta ta a kan teburin nan ba. Na fita na zana ta layi biyu: “Je ki saurari zuma. Ki zo ki gaya mini.”

Junie ta dawo da ƙwai a hula. Ta ajiye, ta tsaya a gindin gangaren. Ta waiwayo ta dubi bakina, na danne shi da safar hannu. Ta taka kalmar farko, ta dawo, ta sake takawa. Leɓenta na motsi, tururin numfashinta na tashi. Ta daɗe ƙwarai, har na daina jin yatsun ƙafata. A taga fuskar Delsie ba ta motsa ba.

Can sai yarinyar ta juya, ta nufi akwatunan zuma. Ta durƙusa cikin ƙanƙara, ta cire hular kwat ɗinta, ta manna kunne a jikin katako.

Da ta shigo kumatunta sun yi ja. Ta hau gadon da takalminta ta ce, “Mama, suna nan da rai. Ƙasa-ƙasa suke yi, kamar ke in kina wanke-wanke.”

Delsie ta rungume ta har sai da yarinyar ta ce ana matse ta. Estill ya ɗauke ta suka tafi soya ƙwan. Muka rage mu biyu, rana ta kwanto kan bargo, toka na nan shimfiɗe a gangare. Ta kama hannuna, nata ba nauyi ko kaɗan.

“Nelda, rubutunki har yanzu sawun kaza ne.”

“Ai dai an karanta.”

“An karanta,” ta ce, tana murmushi ido a rufe. “Gobe ki zo da toka. Akwai wata doguwa da nake so mu gwada.”

Na ce, “Da sassafe zan zo.”