Akwatin Allin Traugott Liebscher

Ran 14 ga Satumba 1823 na fara ganin Traugott Liebscher, a ofishin hukumar makarantun garin Pirna inda nake akawu. Ya zo sa hannu a takardar kama aikin koyar da zane, ya bar shatin yatsa shuɗi a gefenta.

Da allin launi yake aiki, kuma abu ɗaya yake zanawa: kogin Elbe bayan faɗuwar rana. Kullum da almuru yana zaune a mashigar jirgin fito, akwati a cinya. A lokacin nan ido ba ya raba shuɗi da ruwan toka, shi ya sa masu sana'ar ke ba kowane alli gurbinsa, hannu ya ɗauko ba sai an duba ba. Da idanunsa suka soma dushewa, jerin nan ne ya rufa masa asiri shekara huɗu.

A kakar 1834 wani ya kai wa hukuma tsegumin idanunsa. Hukuma ta ce ya kawo sabon zane ran Litinin, in ba haka ba a ba wani aikin.

Ran Asabar Frau Kadner, mai gidan da yake haya, ta ga akwatin a buɗe.

"Kai, Herr Liebscher! Akurkin kajina ya fi wannan tsabta."

"To a kira kajin su koyar da zane mana," in ji shi, ya fita sayen takarda.

Matar kirki ce. Ta juye allin, ta goge ƙurar, ta mayar da su yadda suka yi mata kyau a ido. Ba ta faɗa masa ba.

Ran Lahadi da almuru ya zauna a mashiga har aka kaɗa ƙararrawar coci. Hannunsa bai taɓa yi masa biyayya irin ta ranar ba. Da safe ya shimfiɗa zanen a gaban hukuma.

"Wane gari ne wannan?" in ji shugaba.

"Pirna ce, ranka ya daɗe."

Liebscher ya juyo wajena, ya yi ƙasa da murya.

"Akawu, don Allah, wane launi ne ruwan?"

Na ce masa ja ne, kamar bulo. Sama kuma koriya.

An sallame shi ran 1 ga Nuwamba. Sau uku Frau Kadner tana zuwa ofis da kuka tana cewa laifinta ne. Hukuma ta ce bayaninta ma shaida ce cewa ba ya gani. Ya koma gidan ƙanwarsa a Stolpen, can ya rasu a Fabrairun 1839. Akwatin bai tafi da shi ba.